Koren Gemun Malam Hambali

Karo na huɗu ke nan da Malam Hambali ya tsoma gemunsa a cikin bokiti yana cuɗa shi da sabulu, har fatar haɓarsa ta fara raɗaɗi. Ya ɗago, ruwa na bin wuyansa yana shiga cikin riga, ya ɗauki guntun madubin da ya jingina a jikin randa. Babu abin da ya canza. Gemun da ya wayi gari fari tas ya koma kore, irin koren gansakukar da ke kama bakin rijiya da damina. Wajen kunnuwa ma har ya ɗan ja shuɗi.

Matarsa Zuliha ta fito daga madafi da ludayi a hannu, ta tsaya a kansa.

"Malam, ka bar shi haka nan. Saɓule fatar za ka yi."

"Ƙaro min ruwa."

"Randar ce ka ƙarar. Ni ban taɓa ganin rinin da ruwa ya mayar baya ba."

Ya sake duba madubin, ya kifa shi a ƙasa.

Malam Hambali tela ne a kasuwar Birnin Kudu, shekarunsa hamsin da bakwai, kuma bai taɓa jin kunyar furfurarsa ba. Da ita ake sa shi gaba a wurin ɗaurin aure. Abin da ya kai shi ga rini yana can ƙauyensu kusa da Fagam, kwance a kan tabarma. Mahaifiyarsa ce, Inna Mero, wadda ta haura tamanin, take zaune a gidan ƙanwarsa Hapsatu. Tun bara tunaninta ya fara zubewa. Mutane suna cewa uwa ba ta manta ɗanta, amma masu faɗin haka ba su yi jinyar tsohuwa ba. Makonni uku da suka wuce ya je gaishe ta, yana durƙusawa ta ja mayafi ta ce, "Hapsatu, me ya shigo da wannan dattijon cikin mata? Kai masa tabarma zaure."

Yau kwana huɗu ke nan ba ta sa komai a bakinta ba sai kurɓin ruwa. Ta kafe cewa Hambali ya tafi Kano sayen keken ɗinki bai dawo ba, kuma ba za ta ci ba tunda ba ta san ko shi ya ci ba. Tafiyar da take nufi an yi ta shekara talatin da suka wuce. Shekaranjiya a waya Hapsatu ta ce masa, "Yaya, wanda take jira baƙin gemu gare shi. Ko ka zo, zaure za ta sake tura ka."

Maganar ta tsaya masa a rai. Dayis na kanti bai yarda da shi ba, don ya ga yadda ya kumbura wa wani maƙwabcinsa fuska har idanu suka rufe. Jiya a kasuwa wani mai magungunan gargajiya ya ƙulla masa garin baba a leda, irin ganyen da marina ke rina shuɗi da shi, ya ce a kwaɓa da ruwan ɗumi a shafa, baƙi wuluk zai yi. "Ganye ne, Malam, ba sinadarin Turawa ba." Da ya ji an ce ganye sai hankalinsa ya kwanta, kamar dai ba a taɓa jin ganye ya yi wa mutum illa ba. Bayan sallar asuba ya shafa, ya zauna awa biyu yana jan carbi, sannan ya wanke.

Zuliha ta koma ɗaki ta dawo da lemon tsami guda uku.

"Shi ke cire tabo a jikin farar shadda. Gwada mu gani."

Ta yanka ta matsa masa a tafin hannu. Yana shafawa ya runtse ido, ya dafe randa, don fatar ta riga ta yi ɗanye. Ya daure har ya ƙirga ɗari. Da aka ɗauraye, koren sai ya ƙara haske, ya koma kamar sabon tohon dawa.

Talatu maƙwabciyarsu, wadda ba a san lokacin da ta leƙo ta kan katanga ba, ta ce, "Zuliha, toka da kanwa za ki jiƙa masa. Haka aka yi wa ɗiyar yayata."

"Ya fita?"

"Gashin ne ya fita gaba ɗaya. Amma ai wani ya tsiro."

Malam Hambali ya shiga ɗaki ya sa riga da hula, ya buɗe akwati ya tono wani tsohon takunkumi da ya rage tun lokacin korona. Ya rufe masa baki da haɓa, amma gemun ya fi ƙarfinsa, ya leƙo ta ƙasa da ta gefe. Zuliha ta biyo shi da ƙullin dabino da sabulun da za a kai wa Inna.

"Ko shayi ba ka sha ba."

"Sai na dawo."

Shagon askin Ɗanladi yana bakin tasha. Tare suka taso tun suna samari, shi ya sa Malam Hambali ya jira har wanda ake yi wa aski ya fita, sannan ya shiga ya saki labule ya cire takunkumin.

Ɗanladi ya dube shi, ya koma da baya ya zauna a kan benci.

"Hambali, ranar 'yancin kai ai sai watan Oktoba. Ko kwangilar tuta ka samu?" Ya matso ya ɗaga gashin da yatsa. "Ka ga har da farin a gindi. Kore, fari. Saura kore ɗaya ka cika."

"Ɗanladi, Inna ce. Kwana huɗu ba ta ci abinci ba."

Ya faɗa masa sauran a tsaye, cikin 'yan kalmomi. Ɗanladi ya daina dariya. Ya zaunar da shi a kujera, ya juya fuskarsa wajen haske, ya daɗe yana duba fatar.

"Me ka sa bayan rinin?"

"Sabulu. Omo. Lemon tsami."

"Duk yau?"

"Duk yau."

"To ka ji. Ina da dayis, minti ashirin zai rufe wannan. Amma fatarka ta tsattsage, har tana tsattsafo da ruwa. In na ɗora maka shi a kan wannan, kafin ka kai Gwaram fuskarka ta zama kabewa. Ba Inna ba, Zuliha ma ba za ta gane ka ba. Ka ba shi kwana uku ya warke."

"Inna ba ta da kwana uku."

"To sai aski. Shi ne dai sana'ata."

Ya yafa masa ƙyalle a wuya, ya kunna injin. Malam Hambali ya kalli kansa a babban madubi. Tun yana ɗan shekara ashirin da biyu reza ba ta taɓa haɓarsa ba. Ya ƙaddara fuskar babu gemu: kumatu sun zurma, wuya ya saki, wani tsohon daban wanda shi ma bai sani ba. Injin na isowa kusa da kunnensa ya riƙe hannun Ɗanladi.

"Wanda take jira da gemunsa ya tafi Kano."

"Baƙi ne nasa, ba wannan ba."

"Na sani."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Hapsatu ce, muryarta ta dishe. Ta ce ma'aikacin asibiti ya zo ya sa mata ƙarin ruwa da safe, ta fizge allurar. Ya ce shi ba zai sake sa mata ba sai an ɗaure mata hannu, ita kuma Hapsatu ba za ta iya ɗaure uwarta ba.

"Yaya, ka taso ko yaya kake."

Ɗanladi ya kashe injin, ya cire masa ƙyallen, ya kakkaɓe shi duk da babu gashi ko ɗaya a jiki.

"Allah ya ba ta lafiya. Ka gaishe ta, ko ba ta tuna ni ba."

Motar Gwaram saura mutum ɗaya ta cika, sai aka cusa shi a baya, kusa da wata mata mai goyo. Ta kalli takunkumin, ta kalli abin da ke leƙowa ta ƙarƙashinsa, ta mayar da ɗanta ɗaya cinyar.

"Baba, tari ne?"

"Ba tari ba ne."

Ba ta yarda ba. Ta juya masa ƙeya har suka fita gari.

Gero ya yi tsayi a gefen hanya, ruwan jiya ya kwanta a ramuka, direba na kauce musu yana zagin wanda ya yi titin. Gumi ya taru a cikin takunkumin yana cin fatar. Malam Hambali ya jingina kansa da gilashi.

Shi ne ɗan farin Inna Mero, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari kamar yadda aka koya mata, ba ta rage komai ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", in ya shigo ɗaki ta sami abin yi a tsakar gida, in ya gaishe ta ta amsa wa bango. Da ya kai mata atamfar farko da ya saya da gumin kansa, sai ta aiko Hapsatu ta ce an gode. Duk ƙauyen ana yabon ta, ana kafa misali da ita ga matan zamani. Shi ma ya yabe ta a gaban 'ya'yansa. Ba wanda ya taɓa tambayar yaron ko yaya abin yake daga ɓangarensa, shi ma bai tambayi kansa ba.

Sai da hankalinta ya tafi sannan sunan ya fito. Wata biyu da suka wuce Hapsatu ta kira shi, ta ce ya yi shiru ya saurara, ta kai wayar kusa da tabarma. Ya ji tsohuwar murya tana cewa, "Hambali bai dawo ba? A duba min Hambali a bakin hanya." Yana tsaye a shago da almakashi a hannu. Ya ajiye shi, ya ce wa mai jiran ɗinki ya dawo gobe.

A Sara matar mai goyo ta sauka ba ta yi masa sallama ba. A Gwaram ya yi sallar azahar a bayan sahu, takunkumi a fuska, sannan ya hau acaɓa zuwa ƙauye.

Hapsatu na jiransa a zaure. Ta rame ita ma. Ya cire takunkumin don ya sha iska, ta ɗora hannu a baki.

"Yaya, me ka yi wa kanka?"

"Abin da kika ce."

"Ni baƙi na ce." Ta kalli ƙofar cikin gida. "Mayar da abin nan ka rufe."

"In ta ga takunkumi za ta ce mai allura ne ya dawo."

Hapsatu ta wuce gaba ya bi ta.

Inna Mero na kwance a ƙarƙashin rumfa, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin zani. A damtsenta akwai auduga da filasta inda ta fizge allura. Gefen kanta ƙwaryar kunu ce a rufe da faifai, ƙudaje na zagaya ta. Ya durƙusa daga nesa kamar yadda ya saba, ya yi sallama.

"Inna, ga Yaya Hambali ya zo," in ji Hapsatu.

"Hambali yana Kano." Ba ta ko buɗe ido sosai ba. "Kullum sai ki kawo min wani ki ce shi ne."

Hapsatu ta dube shi, idonta ya ciko. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Ya fara tunanin tashi ya koma zaure kafin a kore shi, sai ya ji wani sauti daga bakin tsohuwar, siriri, kamar tari. Dariya take yi.

"Bawan Allah, matso nan. Matso, ba cizo nake ba. Wa ya yi maka wannan ɗanyen aikin?"

Ya matsa da gwiwa. Ta miƙo hannu ta kama gemun, ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai hanci.

"Baba ne. Baba ka zuba a kan furfura tsurarta."

"Haka mai maganin ya ce."

"Mai maganin jaki ne. Furfura ba ta da jini a jiki. Lalle ake fara ba ta, ta yi ja, sannan baba ya hau kan jan ya yi baƙi. In ka tsallake lalle, ga abin da za ka samu. Ba ka da mata ne?"

"Ina da ita."

"To ba ta son ka." Ta juya. "Hapsatu, tashe ni. Kawo lallen nan na cikin gwangwani, da ruwan ɗumi, da man kaɗanya. Kada ki sa lemon tsami, kin ga fatarsa duk ta ɗaye."

Hapsatu ta jingina ta da bango, ta sa mata filo a baya, ta tafi da sauri kamar tana tsoron kada abin ya wuce kafin ta dawo. Tsohuwar ta kwaɓa lallen da kanta a murfin kwano, hannun na rawa, tana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin da take so.

"Tunda ka fara ta baya, baƙi ba zai yi ba. Zai yi kamar bawon dabino. Amma za ka shiga mutane. Ɗaga haɓa."

Ta fara da man kaɗanya. Ta lakato da ɗan yatsa ta bi fatar a hankali, ƙarƙashin leɓe, gefen muƙamuƙi, duk inda sabulu da lemo suka ci. Yatsunta sanyi gare su, ba nauyi. Malam Hambali ya kafa idonsa a kan azarar rumfa, ya riƙe numfashi. Raɗaɗin da ya yini da shi ya fara lafawa.

"Ina da ɗa mai gemu irin naka," ta ce, tana ɗibar lalle tana cusawa har gindin gashi. "Nasa baƙi ne, ba ya bukatar wannan wahalar. Tela ne. Ya tafi Kano sayen keke. Ko ka san shi? Hambali."

"Na san shi."

"Yana cin abinci kuwa? Tun yana yaro ba ya tambaya. In ba a ba shi ba sai ya zauna ya yi shiru. Ta tagar ɗakina nake ganinsa a ƙofar kakarsa, sai in zuba in ba wata ta kai, in ce kada ta ce daga ni ne." Ta juya masa fuska da tafin hannu. "Daina motsi. Ka ga yadda na riƙe ka ɗin nan? Shi ban taɓa ba. Ɗan fari ne. Aka ce kunya, muka ce to. Ni dai wanda ya ƙirƙiro ta, na san bai taɓa naƙuda ba."

Hapsatu na tsaye a bakin madafi, ta toshe baki da gefen mayafi. Shi kuwa maƙogwaronsa na motsi a ƙarƙashin yatsunta, ta ce masa ya daina haɗiye yawu yana ɓata mata aiki.

Ta gama gefen dama, ta gama haɓa, ta bi gashin baki da ɗan ƙaramin yatsa. Jiƙaƙƙen lallen ya kwantar da gemun, ya rufe kore da fari, ya yi duhu a inuwar rumfa. Ta zo gefen hagu, saura ɗan wuri ƙarƙashin kunne, sai ta ja da baya ta jingina don ta ga aikinta.

Ta daɗe tana kallo. Hannun da ke riƙe da lalle ya tsaya a sama. Idonta ya tashi daga gemun ya hau hanci, ya hau goshi, ya dawo. Shi ma ya dube ta, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

A hankali ta sauke hannun. Ta goge yatsun a bakin zaninta, ɗaya bayan ɗaya. Ta lalubo mayafi ta ja shi har goshi, ta juyar da fuskarta wajen bango.

"Hapsatu."

"Na'am, Inna."

"Tambayi wancan ko ya ci abinci."

"Na ci, Inna," ya ce.

Ba ta amsa ba. Sai da Hapsatu ta matso ta ce, "Ya ce ya ci," sannan ta gyaɗa kai.

"Ki ce masa kada ya wanke sai bayan la'asar." Ta ja numfashi. "Miƙo min kunun nan."

Hapsatu ta buɗe faifan. Malam Hambali ya ja da baya da gwiwa, ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu. Ya san ba za ta sha yana wurin ba.

A zaure ya zauna a kan dakali, ya ɗaga haɓa don kada lallen ya ɗiga a riga. Can Hapsatu ta leƙo da murfin kwanon, da ɗan ragowar lalle a ciki.

"Ta sha ludayi biyar, tana kan sha. Yaya, ta bar maka wuri ɗaya, nan ƙarƙashin kunne, har yanzu kore ne. Kawo in ƙarasa maka."

Ya kai yatsa kusa da wurin, bai taɓa ba.

"Bar shi," ya ce. "Koma wajenta."